Babu Kangaru a Dajin Gwarzo, Amma Akwai Gafiya

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar wayar yayansa ya san kangaru, dabbar nan ta ƙasar Ostireliya mai tsalle da ƙafa biyu, wadda take saka ɗanta cikin wata jaka da ke jikin cikinta. Da yawanmu har koala mun sani, da yadda take maƙalewa a bishiya tana sharar barci. Amma a ce mu faɗi bambancin dila da yanyawa, ko inda shamuwa take zuwa idan damina ta ƙare, sai ka ji aji ya yi tsit. Wannan ne ya sa mu biyar, ɗaliban jami'a 'yan Gwarzo da Kabo, muka fita yawon kallon dabbobi da tsuntsayen yankinmu sau biyu, ɗaya a farkon damina, ɗaya cikin hunturu, kowace fita kwana uku.

Kafin komai, kada wani ya je neman kangaru a bayan Getso ko Garo. Dabbobi masu jakar goyo, waɗanda suke haihuwar ɗa bai gama ƙosawa ba sannan ya ƙarasa girma a cikin jaka, suna Ostireliya da tsibiran da ke kusa da ita, sai wasu a nahiyar Amurka. A duk faɗin Afirka babu ko ɗaya. Ɗan kangaru ranar da aka haife shi bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma da kansa yake rarrafawa ya shiga jakar uwarsa ya kama nono.

Tamu mai jakar

Mu ma muna da dabba mai jaka, sai dai a kumatu tata take. Gafiya kenan. Tana da wasu aljihu biyu a cikin baki, hagu da dama, inda take cusa gyaɗa ko masara ko ƙwallon 'ya'yan itace har fuskarta ta kumbura, sannan ta ruga rami ta juye. Wanda ya ga haka da idonsa zai gane inda Bahaushe ya samo maganar nan ta "gafiya tsira da na bakinki". Mun gan ta a fitarmu ta hunturu, bayan sallar isha'i, a gindin wata tsamiya kusa da inda aka yi sussukar dawa. Abin da ya fara tona mata asiri a hasken tocila shi ne wutsiyarta, doguwa ce, rabinta na ƙarshe fari tas.

Idon gafiya ba shi da ƙarfi, amma hancinta ba a magana. Wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da 'yan uwan gafiyarmu na gabashin Afirka a garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, suna shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi. Da yake nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, ko sun taka nakiya ba ta tashi. Wasu kuma an koya musu gano cutar tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Akwai wani namiji da aka raɗa wa suna Magawa, wanda ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a ƙasar Kambodiya, har aka rataya masa lambar zinare a 2020. Ya mutu a Janairun 2022. A nan kuwa, abin da muka fi sani game da gafiya shi ne a tura mata hayaƙi a rami a jira ta da sanda. Ba mu ce manomi bai da gaskiya ba idan ta yi masa ɓarna. Amma wutar da ake kunna mata sau da yawa ita ce take ƙwacewa ta cinye karan wani, kuma ramin da kake zato na gafiya ne wani lokacin maciji ne ya gaje shi.

Sauran masu ƙafa huɗu sai an yi haƙuri. Kurege ne kaɗai yake yawo da rana ba kunya, ga farin layi a gefen jikinsa, ya miƙe a kan ƙafafun baya ya leƙa ka, sannan ya faɗa rami. Zomon daji bai haƙa rami kamar yadda wasu suke zato. A gindin ciyawa yake lafewa, kuma 'ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, ido a buɗe, saɓanin na zomon gida. Bushiya da damina muka gan ta, da dare, tana farautar ƙwari. Da rani ɓuya take yi ta rage motsi har ruwa ya sauka. Yanyawa kuwa sawunta kawai muka samu a kan yashi, ƙanana kamar na ɗan kwikwiyo. Ita ƙarama ce, fara-fara, mai manyan kunnuwa da wutsiya mai baƙin baki, a rami take wuni. Dila ya fi ta girma da tsawon ƙafa, kuma shi dattawan da muka tambaya cewa suka yi sun daɗe ba su ji kukansa ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, tafiyar kusan kilomita 70, ya san gona ce take bin gona. Abin da muke kira daji a nan ɗan saura ne, da bakin rafi, da gindin duwatsu, da burtalin shanu. Mai son ganin jan biri ko gada a sake sai ya nausa kudancin jihar, wajen dajin Falgore, shi ma sai da izinin hukuma da rakiya.

Bakin ruwa da sassafe

Tsuntsaye su ne ba su guje mu ba. Yankinmu yana da madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, idan ka zauna shiru a bakin ɗaya daga cikinsu, abin da za ka gani zai cika shafi. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, sai kifi ya zo wucewa ya cake shi. Kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, tun kafin ka gan ta za ka ji fitonta a sama. Balbela tana bin shanun Fulani tana cafke farin da ƙafafunsu suka tayar. Da hunturu kuma baƙi suna ƙaruwa, ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke sintiri a taɓo. Wasunsu daga Turai suka taso, suka ƙetare teku da hamadar Sahara don gudun sanyin can, kuma kafin damina za su koma su yi ƙwai.

A cikin gonaki, bishiya ake bi. Ɓaure idan ya nuna, kasuwa ce ta tsuntsaye. A kogon kuka ko na ɗorawa cilakowa take sheƙa, kuma tata dabarar ta ba mu mamaki: macen ce take shiga kogon, a liƙe ƙofar da laka a bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta nan har ta ƙyanƙyashe. Tsattsewar da kake gani tana kewaya giginya, da yawunta take manna sheƙarta a jikin ganyen, ta kuma manne ƙwan a jikin sheƙar don kada iska ta zubar. Da damina kabare yana saƙa gidajensa rututu a reshe ɗaya, namijin ya rataye kansa a ƙasa yana kaɗa fiffike don mace ta zo ta duba aikin. In bai yi mata ba, tafiyarta take yi. Da magariba kuma, a kan hanyar mota marar kwalta, za ka ga wasu idanu ja suna ƙyalli a ƙasa. Yautai ne, yana jiran ƙwari.

Ita shamuwa kowa ya san zuwanta albishir ne na damina, shi ya sa ba a taɓa ta ko ta yi sheƙa a tsakiyar gari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take bacewa. Idan kaka ta yi, takan bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina take farawa a daidai lokacin da tamu take ƙarewa, ta ci fara da tsutsa a can, sannan ta dawo da bazara.

Waɗanda muka nema muka rasa

A kwana shida ba mu ga ungulu ko ɗaya ba, har a mahauta ranar kasuwa. Iyayenmu sun ce a zamaninsu korarta ake yi daga kan rumfunan mahauta. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta saka irin ungulun garuruwanmu a matakin da ke dab da ƙarewa. Dalilan a fili suke: ana kama ta a sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu, ana saka guba a mushe, ana kuma sare manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai. Ungulu ba ta da farin jini, amma ita ce mai sharar gari da ba a biya. Cikinta yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, waɗanda in kare ko ƙuda suka ɗauka sai su yaɗu. A Indiya, wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu tun daga shekarun 1990. Mushe ya taru, karnukan titi suka yi yawa, sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

Gauraka ma haka. Shi ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma yau ɗan Kano ya fi saurin ganinsa a gidan zu na Audu Bako ko a farfajiyar gidan wani attajiri fiye da bakin fadama. Burtu kuwa, yaranmu da yawa kansa kawai suka sani, wanda maharba suke ɗaurawa a goshi. Zabin daji da fakara suna nan, amma ko motsin mutum suka ji daga nesa sun tashi, don sun san danƙo da bindiga.

Maganar kwana

Mu faɗi gaskiya, kwanan daji irin na fim, a kafa tanti a inda babu kowa, ba na wannan lokacin ba ne. Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Mu a gefen ƙauye muka kwana, a filin da ake hango gidaje, bayan mun gaida mai unguwa mun faɗa masa ko mu 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo mu. Shi ya haɗa mu da wani dattijo tsohon maharbi, wanda ya fi kowane littafi amfani, don shi yake nuna mana sawu da kashi da gashin da ya maƙale a ƙaya. Ku da kuke sakandare ma ba sai kun kwana ba. Fitar asuba a ƙungiya, da malami ko wani babba, da sanin iyaye, ta wadatar.

Tabarma, gidan sauro, tocila, ruwan sha da takalmi sau-ciki, su ne kayan. Takalmin ba na ado ba ne, saboda kububuwa da dare take yawo, launinta kuma irin na ƙasa ne. A kakkaɓe shi da safe kafin a saka, don kunama. A rufe abinci ruf, kada a taɓa ɓera ko gafiya da hannu, domin zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Ruwan dam kuma na kallo ne: akwai tsargiya, akwai zurfin da ba a gani. Danƙo a bar shi a gida. A saka kaya masu duhun launi, a rage surutu, rana ta kasance a bayanka don ka ga launin tsuntsu sosai.

Abu na ƙarshe a jaka shi ne littafi da biro, kuma a ganinmu shi ya fi komai. Babu wanda ya rubuta ranar da aka ga ungulu ta ƙarshe a kasuwar garinsu, shi ya sa yau sai dai a ce "da can". Tun ƙarshen 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar wani aiki na zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, masu sa kai suna shiga suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ta manhajar BirdLasser. Yawancinsu matasa ne, kuma akwai ƙungiyarsu ta Arewa. Wanda ba shi da waya ma zai iya farawa da littafin aji mai shafi 40: kwanan wata, wuri, lokaci, sunan tsuntsu, guda nawa, a kan wace bishiya. Wanda ba ka san sunansa ba ka zana shi, ka kai wa kaka ko wani maharbi, ka rubuta sunan yadda ya faɗa, don sunan da ake kira a Kabo wani lokacin ya bambanta da na Gwarzo.

Mu namu littafin ya tsaya a tsuntsaye iri 41 da dabbobi 6, ciki har da yanyawar da sawunta kawai muka gani. Mun bar shafi guda fari, mun rubuta "shamuwa" a samansa, muna jiran ranar da ta farko za ta sauka a kan rimin bakin kasuwa.