Ko Kun Sani? Mata da Tiyatar Jijiyoyin Zuciya

Wani bincike a Amurka kan mutum sama da miliyan ɗaya, daga 2011 zuwa 2020, ya nuna kashi 2.8 cikin ɗari na matan da aka dasa wa jijiya don kewaye wadda ta toshe a zuciya sun rasu a lokacin tiyatar ko jim kaɗan bayanta, maza kuwa kashi 1.7. Wasu na cewa ai mata kan zo a makare, ga shekaru, ga ciwon sukari. Gaskiya ne, amma ko an yi la'akari da waɗannan, giɓin bai rufe ba. Jijiyoyin mata sun fi siranta, kuma galibi a kan maza aka gwada dabarun tiyatar. Shi ya sa gwajin ROMA:Women, na mata zalla, ƙarƙashin Dakta Mario Gaudino a New York, ya zama dole.