Hanji da Hanta: Darasi Daga Ɓeraye

Jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki. Idan bangon hanji ya yi rauni, dafin bakteriya kan sulale cikin jinin nan, hanta ta kumbura, ta yi ta tara kitse, ko da mai ita bai taɓa shan barasa ba.

A wani bincike da aka buga a 2013, masana a Faransa sun ɗebi bakteriyar hanjin ɓeraye biyu, ɗaya wanda abinci mai maiƙo ya illata, ɗaya wanda ya tsira. Suka zuba wa wasu ɓerayen da ba su da bakteriya ko ɗaya. Abincinsu ɗaya, amma waɗanda suka gaji bakteriyar maras lafiyar ne hantarsu ta cika da kitse.

A shekarar kuma, masana a Beljiyam suka ba ɓeraye masu ƙiba bakteriya mai amfani, Akkermansia. Majinar da ke kare bangon hanjinsu ta ƙara kauri, dafi ya ragu a jininsu.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Ga ɗan Adam, rage ƙiba da zaƙi da yawan motsa jiki su ne kariyar da aka tabbatar.