Wa Ya Ɗauki Hoton Masu Sulhu?

A shekarar 2003, lokacin da yaƙin basasar Laberiya ya tunkaro Monrobiya, dubban mata suka sa fararen riguna da fararen ɗankwali, suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi, a gefen hanyar da ayarin motocin Shugaba Charles Taylor ke bi. Leymah Gbowee ce ta tattaro matan coci, Asatu Bah Kenneth, wadda 'yar sanda ce, ta tattaro matan Musulmi. Rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su, ba su gusa ba sai da Taylor ya yarda ya gana da su. Daga nan suka bi wakilan gwamnati da na 'yan tawaye har Akara. Da suka ga tattaunawar ta ci tura, sai suka zauna a bakin ƙofofin zauren, suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an daidaita. Ranar 18 ga Agusta, 2003, aka sa hannu kan yarjejeniyar.

Abin mamaki shi ne, da Gini Reticker da Abigail Disney suka zo shirya fim a kan waɗannan mata, wanda ya fito a 2008, sai suka tarar da rumbunan manyan kafofin labarai cike da hotunan yara masu bindiga, amma na matan sai da tone-tone. 'Yan jarida sun wuce ta gabansu ba su ga labari ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken da ƙungiyar World Press Photo ta fitar a 2015 ya nuna kashi 85 cikin 100 na masu ɗaukar hoton labarai da suka amsa tambayoyinta maza ne. Editoci kuma wuta da jini suke saye. Mace takan shiga hoton yaƙi ne da hawaye a fuska, da goyo a baya, da ƙunshin kaya a ka. Aikin sulhu kuwa ba shi da armashi a ido: tabarma ce, da mata zaune, da wata dattijuwa da ke ta zarya tsakanin gidaje biyu tana ba da haƙuri har sai an sauko. Mai ɗaukar wannan sai wanda ya zauna ya jira, kuma aka yarda da shi.

A nan ne mace mai kyamara ta yi wa namiji fintinkau. A gidajenmu da yawa baƙon namiji iyakarsa zaure, alhali maganar da ke hana ɗaukar fansa a tsakar gida ake yin ta. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce, ma'aikaciyar jinya ce kafin ta riƙe kyamara. A 2015 ta fara wallafa hotuna a Instagram da sunan Bits of Borno, saboda ta gaji da ganin garinsu a jaridu ba komai sai bom da gawa. Ta ɗauki 'yan kasuwa, da amare, da 'yan makaranta, da matan sansanin 'yan gudun hijira da suka koma sana'a. Rahima Gambo ita ma ta daɗe tana aiki da ɗalibai mata a Maiduguri, tana nuna su cikin wasa da karatu. A garin nan ne kuma Hamsatu Allamin ta yi shekaru tana haɗa kan matan da aka tsare mazajensu da 'ya'yansu, suna neman a yi musu adalci ba tare da makami ba. Irin wannan aiki, in ba a ajiye shaidarsa ba, gobe sai a wayi gari tarihi ya ce sojoji da 'yan siyasa kaɗai suka kawo zaman lafiya.

Sai dai zama mace ba lasisi ba ne. A Borno, matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram akwai inda ake kiran su annoba. Hoto ɗaya da ya nuna fuskar irin wannan mata, ya zagaya WhatsApp, ya isa ya kashe mata aure ko ya kore ta daga unguwa. Mai aikin kirki takan nemi izini da harshen da matar ke ji, ta gaya mata inda hoton zai je, in ta ga haɗari ta ɗauki hannu ko baya kawai. Wadda ta ɗauka a sace don ta ci gasa a Turai, a ganina ba ta da bambanci da waɗanda muke kuka da su.

Tun Oktoban 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce a riƙa sa mata a teburin sasanci. Ƙuduri dai takarda ce. Mai neman kujera kan buƙaci abin nunawa. Don haka ƙungiyoyin mata da ke aikin sasanci a Borno, da Filato, da Zamfara, da Diffa, ku ware 'yan mata biyu ko uku ku koya musu ɗaukar hoto, ko da da waya ne. Kowane hoto a rubuta masa wuri da rana da abin da aka taru a kai, a ajiye kwafi a inda ba zai ɓace tare da wayar ba.