Sojojin da aka kira "Hausa": yadda rundunoni biyu suka raba ƙasar Borgu

Rundunar sojin Nijeriya tana lissafa tarihinta ne daga shekarar 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas ya ba su bindigogi. An san su da sunan "Hausawan Glover". Mazauna zangon Parakou da na Djougou na iya ganin labarin ya yi musu nisa, amma rikicin ƙasar Borgu ne ya sa wannan ƙaramar ƙungiya ta zama babbar runduna.

Da yawa daga cikin mutanen Glover bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gidansu a ƙasar Yarabawa. Da adadinsu ya ƙaru, aka mai da su rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai, kuma Glover ya tafi da su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka ɗebi wasu daga cikinsu aka kafa irin wannan runduna a Gold Coast, wadda ita ce tushen sojan Ghana.

Faransa ma ta bi sahu. A 1891 ta kafa bataliyar Tirailleurs haoussas a gaɓar tekun Dahomey. Sojojin wannan bataliya suna cikin waɗanda Kanar Alfred Dodds ya yaƙi Sarki Behanzin da su, har ya shiga Abomey a watan Nuwamba na 1892.

Sunan yana da ruɗarwa. Ba duk sojan da Bature ya rubuta "Hausa" a takarda ne Bahaushe ba. Akwai Nufawa da Barebari da Zabarmawa da Yarabawa Musulmi. Abin da ya haɗa su shi ne harshe, wanda fatake suka riga suka yaɗa a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, hanyar da ta ratsa Nikki da Parakou da Djougou. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a Nijeriya da Gold Coast.

Bayan faɗuwar Abomey, hankalin Turawa ya koma arewa. A 1894 Frederick Lugard, a madadin kamfanin Royal Niger, da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da fadar. Lugard ya riga isa a watan Nuwamba, Decoeur ya iso bayan 'yan kwanaki, kowa ya koma da tasa takardar. Jamusawa kuma suna zawarcin Djougou daga Togo, har sai da yarjejeniyar 1897 ta bar garin a hannun Faransa.

Ganin sojojin Faransa sun kakkafa sansani a cikin Borgu har Busa, sai gwamnatin Ingila ta ba Lugard aikin kafa rundunar West African Frontier Force a 1897, da mazauni a Jebba. Aka yi watanni sojoji baƙar fata na ɓangarorin biyu suna fuskantar juna a ƙauyukan Borgu. Ba a kai ga yaƙi ba. Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a Paris: Nikki da Parakou suka faɗa wa Faransa, Busa da Kaiama suka faɗa wa Ingila. Wannan layi ne masu zuwa ganin dangi ko cin kasuwa suke tsallakawa har yau.

Daga nan zuriyar biyu ta rabu. A ɓangaren Ingila, tsohuwar rundunar Legas ta shiga cikin sabuwar rundunar, aka samu Nigeria Regiment a 1914, sannan Queen's Own Nigeria Regiment a 1956, daga bisani ta zama Sojan Nijeriya a 1963. A ɓangaren Faransa kuwa, bataliyar Hausawa ba ta daɗe ba. An narkar da ita cikin Tirailleurs sénégalais, rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857, sunan da ya rufe duk sojan Afirka ta Yamma ko daga ina ya fito.

Ɗaukar soja da tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin abin da ya tayar da boren Bio Guera a Borgu da na Kaba a Atakora a 1916. Bayan samun 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, ƙasar ta zaɓi irin waɗannan sunaye ga barikokinta: Bio Guera a Porto-Novo, Kaba a Natitingou, Sero Kpera a Parakou. Nijeriya ta riƙe 1863 a matsayin mafarin sojanta, Benin kuma ta ɗaukaka waɗanda suka yi wa Turawa turjiya. Bataliyar Hausawa ta 1891 ba ta bar magaji ba, sai suna a kundin ajiyar Faransa.