Hutu A Bakin Teku: Abin Da Na Gano A Badagry

Ni Bayarabe ne, haifaffen Ogbomosho, kuma sai da na shiga jami'a na fara koyon Hausa gadan-gadan. Na faɗi haka ne domin mai karatu ya fahimci yadda kalma guda ta tayar da ni tafiya. Wata rana muna darasin aron kalmomi, sai malaminmu ya ce masana da dama na ganin daga Yarabanci Hausa ta aro kalmar "teku", wato daga "eti okun", ma'ana gefen babban ruwan gishiri. In kuwa haka ne, duk wanda ya ce "bakin teku" ya maimaita kansa ke nan, kamar ya ce bakin bakin ruwa. Aji ya kwashe da dariya, aka juyo ana kallona a matsayin mai kalma. Abin kunya, ni mai kalmar ban taɓa ganin teku da idona ba, domin tsakanin garinmu da gaɓa ya fi kilomita 200 a mota. Saboda haka da aka ba da hutun Disamba, ni da wani abokina Bakatsine muka harhaɗa 'yan kuɗinmu muka nufi Badagry.

Me ya sa Badagry? Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, amma yawancinta fadamu ne da dazuzzukan cikin ruwa, musamman a yankin Neja Delta. A cikin Legas kuwa, Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi an kafa unguwar Eko Atlantic. Na wajen Lekki kuma yawanci sai an biya kuɗin shiga, ga tsadar abinci. Badagry na can ƙuryar yamma ta Jihar Legas, dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, kuma masaukinta ya fi dacewa da aljihun ɗalibi. Daga Mile 2 ake samun mota. Shawarata a yi sammako saboda cunkoso, a kuma riƙe katin shaida, domin hanyar kan iyaka ba ta rabo da shingayen bincike.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, ruwa biyu ne a Badagry. Yarabanci ya bambanta su: akwai "osa", akwai "okun". Na farkon wani dogon ruwa ne mai kwanciya kamar tafki, wanda ke bin gaɓa ta ciki, kuma a bakinsa garin yake. Na biyun shi ne Tekun Atlantika kansa. Tsakaninsu akwai siririn tudun yashi cike da itatuwan kwakwa. A Hausa ban sami kalma guda ta "osa" ba, sai dai a ce tafkin bakin teku. Abokina da ya hango shi ya ce, "Ashe tekun ke nan? Ai madatsar ruwan garinmu ma ta kai wannan!" Ni ma a zuciyata na ɗan raina shi.

Washegari muka shiga kwalekwale mai inji, cikin 'yan mintoci muka ƙetare zuwa tsibirin Gberefu. Daga nan tafiyar ƙasa ce ta kamar minti 25 a cikin yashi. Tun kafin mu ga komai muka fara jin wani rugugi kamar na hadari, alhali sama garau take. Da muka hau tudun ƙarshe, duk muka yi tsit. Ruwa ne iya ganinka, yana tasowa fari fat yana faɗuwa. A nan na gane hikimar Bahaushe da ya kira igiyoyin nan "raƙuman ruwa" ko "taguwa". Mutumin tudu ne, sai ya laƙaba musu sunan abin da ya sani mai tozo, mai tafiya a jere.

To, a nan ne muka kusa jawo wa kanmu. Abokina ya iya ninƙaya a kogi, don haka ya naɗe wando ya shiga har gwiwa. Raƙumi na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya buge shi ya faɗi, kuma ruwan da ke komawa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa ya fara jan sa ciki. Wani masunci ne ya rugo ya damƙe rigarsa. Hularsa da takalminsa ɗaya dai sai labari.

Ga dalilin haka. Igiyoyin wannan gaɓa daga can kudancin Atlantika suke tasowa, suna tafiyar dubban kilomitoci ba abin da ya tare su, sai su zo su fashe a kan gaɓa mai gangara sosai. Taku kaɗan daga inda ruwa ke idon sawu, sai ka ji ba ƙasa. Har ila yau, ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa dole ya koma, kuma yakan nemi wata 'yar hanya ya bi da gudu zuwa ciki. Abin yaudarar shi ne, wannan hanya ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta cika fashewa a kanta ba. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa kai tsaye, gajiya za ta kashe shi. Ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga jan, ya kuma ɗaga hannu a gan shi. Amma a ganina baƙo irinmu ya tsaya inda kumfa ke taɓa ƙafa kawai. Bugu da ƙari, teku na cika ta janye sau biyu a kwana guda saboda jan da wata ke yi mata, saboda haka inda ka ajiye jaka a bushe da hantsi, yana iya zama cikin ruwa da azahar.

Dangane da lokaci, daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, lokacin rani ke nan. Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗagawa, teku kuma ta fi fushi. Iska mai daɗi na ɓoye zafin rana, sai a tafi da malafa da ruwan sha. Kwakwa kuwa tana nan birjik, a fasa maka ɗanya ka sha ruwanta nan take. Da yamma na ce wa wani dattijo mai shayi, "Baba, ashe ita ce kwakwar Attagara da muke gani a ƙamus?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai Hausarka ta littafi ce. Mu nan kwakwa kawai muke cewa."

Sai dai yashin Gberefu ba na shaƙatawa kaɗai ba ne. Hanyar nan da muka taka, ita ce ake nuna wa baƙi a matsayin wadda bayi suka bi zuwa jiragen Turawa, har ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. Ta tashoshin wannan gaɓa aka kwashi ɗimbin mutane zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka ƙulla tawaye a can a 1807, wasu kuma suka shiga babban boren bayi Musulmi na 1835. A cikin gari akwai kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi. Ɗalibin harshe zai lura cewa "Seriki" ɗin nan "Sarki" ne da ya shiga bakin Yarabawa. Mun ba ku teku, kun ba mu sarki. Kazalika daga Badagry ne Bature Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya bi ta Oyo da Kano har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827.

Ranar da za mu dawo muka leƙa gidan 'yan mishan da aka kammala a 1845, wanda mai yi mana jagora ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Abokina, sanye da silifas ɗin aro, ya ce sam bai yarda ba, hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Jagoran ya ce ai hasumiya ba gida ba ce. Har direba ya fara kiran fasinjan Mile 2 suna ta musu.