Ko Ka Sani? Keken da Aka Ƙera Don Ya Riƙe Dutse

Ko ka san akwai dutsen da doki ke zamewa a kansa, amma keke ya haye shi tayarsa ba ta ko gusa ba? Yana kudu maso gabashin jihar Yuta ta Amurka, a bayan wani ƙaramin gari da ake kira Mowab, kusa da inda kogin Kolorado ya yanka ƙasa ya bar kwazazzabai masu zurfin gaske. Turawan da suka fara ratsa yankin da dawakai sun sha wuyarsa, domin dawakansu ana buga musu ƙarfe a kofato, ƙarfe kuwa ba ya samun abin kamawa a jikin wannan dutse. Roba ce ke da sirrinsa. Yau mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa don kawai su ɗora taya a kansa.

Dalilin yana cikin asalin dutsen. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekaru miliyan 180 zuwa 190 da suka wuce, wurin hamada ce ta tuddan rairayi. Tuddan suka binnu, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ratsa su da sinadaran da suka manne ƙwayoyin yashin, suka daskare da siffarsu: ga tudu, ga gangara, ga kwari. Launin da ake gani, daga ja zuwa ruwan goro, tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyin. To tunda dutsen yashi ne da aka manne, fuskarsa kaushi gare ta irin na samfefar da kafinta ke goge katako da ita. Roba mai laushi tana nutsa cikin wannan kaushi ta cije. Shi ya sa mahayi ke iya hawa gangarar da in a kan tsakuwa ce ko tura keken da hannu sai ya yi da gaske. Amma kaushin ba ya zaɓe: yadda yake riƙe taya haka yake cinye ta, haka kuma yake ɗaye fatar wanda ya faɗi.

Shahararriyar hanyar da ke kan dutsen, Slickrock, ba don keke aka shata ta ba. A 1969 wani mai suna Dick Wilson ya fitar da ita domin ƙananan babura, kuma har yau babur na da izinin bin ta. Tsawonta kusan kilomita 17 ne, zagaye. Da yake taya ba ta barin sawu sosai a kan dutse, sai aka ɗiga farin fenti jere, wanda mahayi zai riƙa bi da ido. Wanda ya saba tafiyar kilomita 17 a kan kwalta cikin sa'a guda zai yi mamakin jin cewa a nan takan ci sa'o'i uku zuwa huɗu. Babu shimfiɗaɗɗen wuri. Daga hawa sai sauka, a wasu gurare kuma bakin kwazazzabo na nan kusa da gwiwar hannunka.

A shekarar da aka shata hanyar, keken da zai iya bin ta bai ma zo duniya ba. An haife shi ne can yamma, a gundumar Marin ta jihar Kaliforniya, cikin shekarun 1970. Wasu samari ne suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya, ƙirar shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais da tuddan da ke kewaye da shi. Ranar 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko, wanda ake kira Repack, a wata hanyar ƙasa mai tsawon kilomita uku da 'yan kai, wadda ke sauka kusan mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, sai an taka feda baya yake kamawa, kuma kafin a kai ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone har yana hayaƙi, sai an kwance an sake cika shi. Firam-firam suka yi ta karyewa. Daga nan Joe Breeze ya zauna a 1977 ya ƙera sabon firam musamman don wannan aiki. Tom Ritchey ya ci gaba da ƙira, Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kasuwancin sayarwa a 1979, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka riƙa ƙerawa da yawa a masana'anta. Shekara ashirin bayan tseren farko, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

In aka ajiye keken hawa dutse na yau a gabanka, abin da zai fara jan idonka shi ne shakazoba da tarin giya. A ganina taya ce uwar aikin, duk sauran kayan yi mata hidima suke yi.

Faɗinta yakan kai inci biyu da rabi, alhali ta keken tseren kwalta ba ta wuce inci ɗaya da kaɗan ba. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne iskar da ke ciki. Tayar tseren kwalta an daɗe ana ɗura mata iska 80 zuwa 100 a ma'aunin masu faci, ta yi tauri ƙam. Ta dutse kuwa 20 zuwa 30 ake ba ta, in ka danna da babban yatsa sai ta lotsa. Da gangan ne. Taya mai tauri in ta ci karo da tsinin dutse tsalle take yi, kuma a ɗan lokacin da take sama babu birkin da zai yi aiki, babu juya kan da zai yi tasiri. Mai laushi kuwa naɗe tsinin take yi, ta baje, robar da ke taɓa ƙasa ta ƙaru. Matsalar ita ce in iska ta yi kaɗan aka daki gefen dutse, tib ɗin ciki yakan matse tsakanin dutsen da rim, ya huje wuri biyu gefe da gefe. Maganin da aka samo shi ne a cire tib ɗin gaba ɗaya. Ana liƙe cikin rim ɗin yadda iska ba za ta fita ba, a zuba ɗan ruwan roba a cikin tayar. In ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita sai ta turo ruwan zuwa bakin hujin, ya daskare ya toshe shi keken na tafiya. Sau da yawa mahayi bai ma san an yi ba sai ya koma gida ya ga ɗigon fari a jikin tayar.

Shakazoba ta zo daga baya. Paul Turner, wanda ya fito daga harkar tseren babura, shi ne ya fitar da ta gaba mai suna RockShox a 1989. Mutane kan ɗauka don jin daɗin zama aka sa ta, amma babban aikinta shi ne danna taya ƙasa komai rashin daidaiton hanya. Abu biyu ne a ciki. Akwai iska matsattsiya ko sifirin da ke shanye duka, akwai kuma mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, shi ne ke hana sifirin ɗin dawowa da ƙarfi ya watsar da mahayi. Kekunan da ake hawa a Mowab galibi suna lotsawa santimita 12 zuwa 17, gaba da baya.

Birki ya bar gefen rim ya koma kan faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, mai ne ke matsa shi kamar na mota, yatsa ɗaya ya ishe shi. Na gaba ne ke da ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma ke wurga wanda ya damƙe shi a firgice ta saman kan keken. Giya kuwa an sauƙaƙa ta: faranti ɗaya a gaba mai haƙora 30 ko 32, goma sha biyu a baya, babbansu mai haƙora 50 ko fiye. A kan wannan babban, zagaye ɗaya na feda mita ɗaya da rabi kawai yake kai ka, alhali keke marar giya yakan kai mita biyar. Tafiya ce a hankali, amma da ita ake hawa bangon dutse a zaune. Sai sirdi, wanda ake danna wani ɗan maɓalli a kan keken ya nutse ƙasa, domin a gangara mahayi ya samu damar ja da jikinsa baya, nauyinsa kada ya rinjaya gaba.

Yadda keken ya haɗu da Mowab labarin talauci ne. A 1952 Charlie Steen ya gano yuraniyam a kudu da garin, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit, garin ya cika ya batse. A farkon shekarun 1980 farashi ya faɗi, masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, mutane suka yi ta ƙaura. A 1983 wasu 'yan'uwa biyu daga gidan Groff, waɗanda aikin ma'adinin ya kuɓuce musu, suka buɗe shagon keke mai suna Rim Cyclery. Hanyoyin da masu neman yuraniyam suka fasa cikin jeji suka zama na mahaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce White Rim, mai kimanin kilomita 160 a cikin gandun Canyonlands, wadda akan yi kwana uku ko huɗu ana bi.

Mahaya dai sun fi ƙaunar siririyar hanya, wadda faɗinta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, keke ɗaya tak take ɗauka. Mafi suna ita ce Whole Enchilada. Tana farawa daga mashigin Burro a tsaunukan La Sal, kimanin mita 3,400 sama da teku, ta gangaro fiye da kilomita 40 har bakin kogin Kolorado da ke wajen mita 1,200. Da safe mahayi na cikin daji mai sanyi da dogayen itatuwa, inda ƙanƙara ke rufe hanya har tsakiyar shekara. Da la'asar yana bin bakin dutsen Porcupine, kwarin Castle na shimfiɗe can ƙasa da ginshiƙansa jajaye. Zafi shi ne babban haɗari a ƙasan. A watannin Yuli da Agusta yakan wuce digiri 38, inuwa kaɗan ce, ruwan sha sai wanda ka ɗauko, kuma an sha rasa rayuka saboda wannan zafi. Shi ya sa cunkoson mahaya ya fi yawa daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Satumba zuwa Nuwamba.

Akwai ladabin hanya. Mai keke yana ba mai tafiya a ƙasa da mai doki wuri, mai gangarowa kuma yana tsayawa ya ba mai hawa. Yadda ake tsayawar ma an ƙayyade: tayoyi su zauna a kan hanya, a karkatar da keken gefe, a ajiye ƙafa ɗaya a kan dutse. Ba a kewaye kududdufi ko wuri mai wuya ta gefe, sai dai a ratsa ko a sauka a tura.

Wannan tsanani yana da dalili, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Tsakanin duwatsun akwai ƙasa mai baƙin ɓawo, gudaji-gudaji, wadda baƙo zai ɗauka busasshen laka ce. Rayayya ce. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, tare da gansakuka da danginta, suka saƙa zare a cikin yashin suka ɗaure shi. A yankin da ruwan samansa bai kai milimita 250 a shekara ba, wannan ɓawo ne ke riƙe danshi, yana hana iska kwashe ƙasa, yana jawo sinadarin naitirojin daga iska ya zama takin tsirrai. Jayne Belnap, masaniyar da ta shafe shekaru tana nazarinsa a Mowab, ta nuna cewa in an murƙushe shi yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya farfaɗo, a wurare mafiya bushewa ma fiye da haka nesa. Taya ta fi ƙafa ɓarna a kansa, domin ƙafa tabo take bari nan da can, taya kuwa layi take ja marar yankewa, ruwan sama na farko ya bi layin ya mai da shi zaizaya.

Ba mahaya keke kaɗai ke fasa ɓawon ba. Kiwo da motoci da aikin haƙo ma'adinai sun rufe fili mafi faɗi nesa ba kusa ba. Amma duk wanda ya fasa, sakamakon ɗaya ne: yashin da ya kwance ya zama ƙura, iskar bazara ta ɗauke ta gabas zuwa tsaunukan jihar Kolorado, ta zuba a kan ƙanƙara. Ƙanƙarar da ƙura ta dusashe ta fi shan zafin rana, sai ta narke makonni kafin lokacinta. Daga wannan narkewa ne kogin Kolorado ke samun mafi yawan ruwansa, kuma kimanin mutum miliyan 40 ne suka dogara da shi.