Kurkum, zoɓo da ɓerayen gwaji: Inda bincike kan damuwa da kumburi ya tsaya

Ma'aikacin da ya baro Mararaba ko Kubwa tun asuba, ya yini kan fayil, ya koma gida bayan isha'i, shi ne masu tallan magungunan tsirrai suka fi nema. Maganarsu ɗaya ce: bincike ya tabbatar cewa kurkum ko zoɓo ko zogale na kashe kumburin da damuwa ke haifarwa. Binciken dai akwai shi, sai dai akasarinsa a jikin ɓeraye aka yi.

Tushen fannin ya koma shekarar 1936, lokacin da Hans Selye na Jami'ar McGill da ke Kanada ya lura cewa kowace irin wahala aka ɗora wa ɓera, sanyi ne ko rauni ko gajiya, sakamakon iri ɗaya ne: halittun da ke saman ƙodarsa su ƙara girma, gyambo ya ɓulla a cikinsa, garkuwar jikinsa ta raunana. A yau masu bincike kan tsare ɓera a matsattsen bututu na sa'o'i, ko su riƙa dagula masa barci da abinci tsawon makonni. Daga nan sai su auna jininsa da hantarsa, su tarar sinadaran kumburi irin su TNF-alfa da IL-6 sun hau, kitsen da ke lulluɓe ƙwayoyin jiki kuma ya fara lalacewa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Sinadaran tsirrai da ake kira antioksidan suna rage wannan tsatsar. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa kurkumin na cikin kurkum, da sinadarin da ke ba zoɓo launin ja, suna sauko da waɗannan alamomi a jikin ɓeraye.

Matsalar tana wajen awo. Idan aka ba ɓera miligiram 100 na kurkumin kan kowane kilo na nauyinsa, kwatankwacinsa ga mutum mai kilo 65 ya kai giram ɗaya a rana. Tunda kurkumin bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na garin kurkum ba, sai mutum ya shanye fiye da giram 30 kullum, kuma kaɗan ne daga ciki hanji ke tsotsewa. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa shi da sinadarin masoro don ya shiga jini. A 2019 hukumomin lafiyar Italiya sun alaƙanta irin waɗannan ƙwayoyi da ciwon hanta a jikin mutane da dama.

Akwai darasin da ya fi wannan ɗaci. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa maza mashaya taba fiye da 29,000 a ƙasar Finlan. Waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100.

Inda aka gwada abin sha na yau da kullum, labarin ya fi daɗi. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka sun ruwaito cewa kofi uku na zoɓo a rana tsawon mako shida sun rage awon jini na sama da kusan maki 7, a gwajin mutum 65 masu hawan jini mara tsanani. Ragi ne mai amfani, amma bai isa a ajiye maganin asibiti ba, kuma zoɓon da aka cika wa sukari ya ɓata rawarsa da tsalle.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa maganin na warkarwa. Yawancin magungunan gargajiya na ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Mai shan maganin hawan jini, ko na ciwon suga, ko na tsinka jini, ya kamata ya nuna wa likita kwalbar tun kafin ya buɗe ta.